Tambayar Da Ba Ta Nuna Amsa: Waiwaye Kan Yadda Kwamfuta Ta Koyi Karɓar Kalmar Sirri

Duk wanda ya fara koyon aiki da Linux, ko ya taɓa shiga wata kwamfuta mai nisa ta layin umarni, ya san wannan gaɓar. Ka rubuta sudo, ka bi shi da umarnin da kake so, ka danna Enter, sai kwamfuta ta nemi kalmar sirri. Ka fara dannawa amma ba abin da ya motsa. Babu harafi, babu tauraro, ko 'yar alamar nan mai ƙyaftawa ba ta gusa daga inda take ba. A nan sababbin ɗalibai da yawa kan zaci madannai sun lalace, su sake buga kalmar a kan ta farko, kwamfuta ta ce ba daidai ba. In aka yi haka sau uku sai ta sallame su.

Wannan shiru ya kai shekara sittin a duniya, kuma da gangan aka yi shi. Kusan kowane ɓangare na wannan 'yar tambaya an gyara shi ne bayan an ga wata ɓarna. Mutum zai miƙa wa na'ura abin da bai gaya wa kowa ba, don haka a kowane zamani sai masu gina na'urorin sun sake tambayar kansu: wa ke leƙe yanzu, kuma ta ina?

Lokacin da takarda ce fuskar kwamfuta

A shekarun 1950 kwamfuta ba ta tambayar kowa komai. Mutum zai huda katunansa, ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin na'ura, ya tafi, ya dawo bayan sa'o'i ko washegari ya karɓi sakamako. Ƙofar ɗakin da mai tsaronta su ne iyakar tsaro. Abin ya sauya ne a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, a Amurka, inda Fernando Corbató da abokan aikinsa suka nuna tsarin CTSS a watan Nuwamban 1961 a kan na'urar IBM 709. Dabararsu ita ce mutane da yawa su yi aiki da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, tana zagayawa tsakaninsu da saurin da kowa zai ɗauka shi kaɗai take saurare. Da aka ba kowa wurin ajiye fayilolinsa da kason sa'o'insa, dole na'ura ta san wanda ke zaune gabanta. Hanya mafi sauƙi kuma mafi arha ita ce kowa ya riƙe wata kalma tasa.

Sai dai a lokacin babu allo mai haske. Abin da mutum ke zama gabansa keken rubutu ne mai lantarki, da naɗin takarda a ciki. Duk abin da ka buga ya zauna da tawada. Ka gama aiki ka yage takardar, ko ka tafi da ita, ko ka bar ta a kan tebur, ko ta ƙare a kwandon shara inda kowa zai iya tsinta. Kalmar sirrin da aka buga a irin wannan takarda ta tashi daga sirri tun kafin mai ita ya bar kujera. Shi ya sa littafin jagorar CTSS ya bayyana cewa da zarar na'ura ta nemi kalmar, za ta dakatar da ɓangaren bugawa, in da hali, domin mutum ya shigar da ita ba tare da ta fito ba.

Ba kowane keke ne ke da wannan halin ba. Akwai waɗanda da ka taɓa harafi sai ya bugu a takarda nan take, kwamfuta ba ta da ta cewa. Ga irin waɗannan sai wasu tsare-tsaren suka ɓullo da wata dabara: na'ura za ta buga jerin haruffa, ta koma farkon layi ta sake buga wasu a kansu, ta sake maimaitawa, har wurin ya yi baƙi ƙirin. Sannan ta ce wa mutum ya buga kalmarsa a kan wannan baƙin, inda ido ba zai iya tsamo ta ba.

An toshe takarda, sai ɓarna ta ɓullo ta baya. CTSS na ajiye kalmomin kowa a fayil guda, a rubuce sarai yadda masu su suka buga su. Wani ɗalibin digiri na uku mai suna Allan Scherr, wanda aka ba sa'a huɗu kacal a mako kuma ba su ishe shi bincikensa ba, ya gano cewa ana iya miƙa buƙatar a buga kowane fayil a takarda ta hanyar kati. Ya nemi a buga masa fayil ɗin kalmomin sirri, aka kuwa buga masa, ya riƙa aiki da sa'o'in wasu. Sai bayan shekaru masu yawa ya faɗi abin da ya yi. A tsakiyar shekarun 1960 kuma aka yi wadda ta fi wannan. Wani jami'i na gyara fayil ɗin kalmomin, wani kuma na gyara saƙon da ke tarbar duk wanda ya shiga, sai kuskuren manhaja ya musanya fayilolin biyu. Na ɗan lokaci, duk wanda ya shiga sai na'urarsa ta bugo masa sirrin kowa da kowa.

Maganin wannan ya fito ne daga Jami'ar Cambridge a Ingila, inda ake danganta wa Roger Needham shawarar cewa kada a ajiye kalmar kanta sam. A bi da ita ta wani lissafi da ba ya komawa baya, a ajiye sakamakon kawai. Kamar gero ne da aka kai injin niƙa: in ka sake kawo irin geron za a sami irin garin, amma ba mai iya mayar da garin ya koma tsaba. Idan mutum ya zo shiga, sai a niƙa abin da ya buga, a gwada da wanda ke ajiye.

Unix da dabarar kashe amsa-kuwwa

Siffar da muka sani a yau ta zauna ne a Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakunan bincike na Bell a 1969. Na'urar da suka fi amfani da ita a farko ita ce Teletype samfuri na 33, mai buga harafi goma a daƙiƙa. A yadda Unix ke aiki da ita, madannai da ɓangaren bugawa ba su da alaƙa kai tsaye. In ka danna harafi, sai ya tafi kwamfuta ta waya, kwamfutar ce za ta dawo da shi a buga a takarda. Abin da kake gani amsa-kuwwa ce daga kwamfuta, kuma har gobe haka taminal, wato tagar da ake buga umarni a ciki, ke aiki ko da a kan sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ce.

Da wannan tsari, ɓoye kalmar sirri ya zama abu mafi sauƙi: a ce wa kwamfuta ta daina mayar da amsa-kuwwa na ɗan lokaci. A nan asalin rashin taurarin yake. Mai son nuna tauraro sai ya karɓi haruffa ɗaya bayan ɗaya da kansa, ya buga alama a madadin kowanne, ya kuma kula da gogewa idan mutum ya yi kuskure. Mai kashe amsa-kuwwa kuwa ya bar wa tsarin duk wannan ɗawainiya, layi guda yake jira a miƙo masa. Ga kuma ribar ƙafa: wanda ke tsaye a baya ko adadin haruffan ba zai iya ƙirgawa ba.

A fitowa ta bakwai ta Unix, a 1979, aka tattara wannan dabara cikin wani guntun shiri mai suna getpass. Bai cika shafi guda ba, amma yana da kyau a dube shi kusa, domin kusan duk wanda ya zo bayansa sawunsa ya bi. Da farko yana buɗe wani fayil na musamman mai suna /dev/tty, wanda ke nufin na'urar da mutum ke zaune gabanta. Dalili shi ne a Unix manhaja kan karɓi bayanai daga wata manhajar ta bututu, ko daga wani fayil. A ce kana kulle wata takarda da manhajar ɓoye rubutu: takardar na shigowa ta bututu, amma mabuɗin dole ya fito daga yatsunka. In aka haɗa su a hanya ɗaya, sai manhaja ta ɗauki layin farko na takardar a matsayin kalmar sirri.

Bayan haka sai ya toshe kunnensa daga madannin katsewa, ya adana yanayin da ya sami na'urar a ciki, ya kashe amsa-kuwwa, sannan ya buga tambayar. Yana karanta abin da aka buga har zuwa ƙarshen layi. Da ya gama sai ya sauko da layi da kansa, tunda ita ma dannawar ƙarshe ba ta fito ba, ya mayar da na'urar yadda ya same ta. Wannan matakin na ƙarshe shi ne wanda masu rubuta nasu da hannu suka fi tuntuɓe a kai. Idan mutum ya katse manhaja ana tsakiyar tambaya, kuma ba a tanadi mayar da amsa-kuwwa ba, sai taminal ta makance: kana rubutu, umarni na aiki, amma ba ka ganin ko harafi ɗaya. Tsofaffin hannu sun san sai su buga reset ko stty sane a makance kafin ido ya dawo.

Haruffa takwas

Akwai wani abu guda da getpass na 1979 ke yi ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Komai tsawon abin da ka buga, haruffa takwas na farko kawai yake riƙewa, ya watsar da sauran. Dalilin yana cikin lissafin niƙan da Robert Morris ya gina wa Unix a kan ma'aunin ɓoye rubutu na DES, wanda gwamnatin Amurka ta amince da shi a 1977. Mabuɗin DES ɗigo (bit) 56 ne, kowane harafi kuma na cin ɗigo bakwai, takwas sau bakwai ke nan. Ana maimaita lissafin sau 25 domin a rage wa mai gwaji sauri. Ana kuma ƙara wani ɗan abu da suka kira gishiri, mai iri 4,096, domin mutum biyu masu kalma ɗaya kada sakamakonsu ya zo ɗaya.

A watan Nuwamban 1979 Morris da Thompson suka wallafa maƙalar da ta zama ginshiƙi a wannan fanni. Sun tara kalmomin sirri 3,289 na mutane, suka gwada su, suka tarar 2,831, wato kashi 86 cikin ɗari, masu saurin cankowa ne. Goma sha biyar daga ciki harafi ɗaya tak ne, 492 kuma suna cikin ƙamus ko jerin sunaye da makamantansu. Daga nan manhajar canza kalmar sirri ta fara mayar da magana: in ka kawo gajera sai ta nemi ka ƙara tsawo. A maƙalar sun kuma ba da labarin wata kafa da ba kowa zai lura da ita ba. Da farko in aka buga sunan da babu shi, na'ura kan ƙi nan take, amma in sunan na gaske ne sai ta ɗan jinkirta tana lissafi. Wannan jinkirin kaɗai ya isa ya gaya wa ɓarawo cewa ya dace da suna. Sai suka gyara ta riƙa yin lissafin ko da sunan ƙarya ne. Shi ya sa har yau in ka yi kuskuren suna, kwamfuta za ta nemi kalmar sirri kamar ba komai, sannan ta ƙi ka ba tare da ta ce ga inda ka kuskure ba.

Shekaru arba'in bayan haka aka ga iyakar haruffa takwas a fili. An tsinci wani tsohon fayil ɗin kalmomin sirri cikin ajiyar tsohuwar Unix ta Berkeley, ɗauke da sunayen magabatan fannin. Yawancinsu ba su yi wuyar fasawa ba, amma ta Ken Thompson ta daɗe tana gagara. A watan Oktoban 2019 aka fasa ta cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i da na'urar zane irin ta masu wasan kwamfuta. Kalmar ita ce p/q2-q4!, wato yadda ake rubuta wani buɗin wasan ches a tsohon salo, inda sojan gaban sarauniya ke yin taku biyu. Haruffa takwas cif, zaɓin gwani, amma ƙarfin na'urorin zamani ya cim mata.

Tun kafin nan an riga an sha wuya. A lokacin, fayil ɗin da ke ɗauke da niƙaƙƙun kalmomin, kowa na iya karanta shi, bisa zaton ba mai iya komar da su. A watan Nuwamban 1988 wata manhaja mai yaɗa kanta ta mamaye dubban kwamfutoci a intanet, kuma ɗaya daga cikin makamanta shi ne jerin kalmomi 432 da take gwadawa a kan wannan fayil. Wanda ya rubuta ta, Robert Tappan Morris, ɗan wancan Morris ɗin ne. A wannan zamanin ne aka ƙaurar da niƙaƙƙun kalmomin zuwa wani fayil na daban da babban mai iko kaɗai ke iya buɗewa.

Sirri a ido, tsirara a waya

Da kwamfutoci suka haɗu da juna, sai mutum ya riƙa zama a wani gari yana shiga na'urar da ke wani gari ta hanyar telnet. A fuskar allo komai lafiya: an nemi kalmar sirri, ba a ga komai ba. A cikin waya kuwa kowane harafi na tafiya tsirara, duk wanda ya kafa kunne a hanya zai karanta. A farkon 1994 cibiyar CERT ta Amurka ta yi gargaɗin cewa masu kutse sun dasa manhajojin saurare suna kwashe sunaye da kalmomin sirri masu ɗimbin yawa. Irin wannan hari a kan hanyar sadarwar jami'arsa ne ya sa Tatu Ylönen, mai bincike a Jami'ar Fasaha ta Helsinki a ƙasar Finland, ya rubuta SSH ya sake shi a 1995, inda ake kulle duk abin da ke bin waya. A 1999 masu gina OpenBSD suka fitar da OpenSSH, wanda shi ne ke kan mafi yawan na'urori a yau.

Ko a nan ba a huta ba. A 2001 masu bincike uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Dawn Song da David Wagner da Xuqing Tian, suka nuna cewa shirun kansa na iya tona asiri. Bayan ka shiga ta SSH, kowace dannawa na tafiya a ƙunshinta, amsa-kuwwa kuma na dawowa a nata. In ka nemi ikon babban mai gida a can, aka tambaye ka kalmar sirri, sai ƙunshi su riƙa tafiya ba mai dawowa. Mai saurare bai ga haruffan ba, amma ya san yanzu sirri ake bugawa, ya ƙirga adadinsu, ya kuma auna tazarar da ke tsakanin dannawa da dannawa. Yatsun mutum ba sa tafiya da gudu ɗaya tsakanin kowane harafi biyu, don haka tazarar na rage yawan abin da za a gwada. A watan Oktoban 2023, OpenSSH 9.5 ya fara aika dannawa a kan tazara tsayayya tare da cusa na bogi a tsakani, domin a ɓatar da wannan sawun.

Wa ke tambayar?

Wata matsalar da ta girma tare da wannan tambaya ita ce sauƙin kwaikwayonta. Layi ɗaya ne na rubutu, kowa na iya buga irinsa. A jami'o'in da ake karɓa-karɓa da na'urori, tsohuwar dabara ce mutum ya bar manhajarsa tana nuna tambayar shiga ta bogi, ya tashi. Na gaba ya zo ya buga sunansa da sirrinsa, manhajar ta adana, ta ce masa ya yi kuskure, sannan ta janye ta bar ta gasken. Wannan ne ya haifar da tunanin a sami wasu madannai da tsarin kwamfuta kaɗai ke amsa su. Shi ne dalilin da ya sa Windows NT, da ya fito a 1993, ya riƙa neman a danna Ctrl da Alt da Delete kafin a shiga.

Sai kuma masu gajen haƙuri da tambayar. Wanda ke son aiki ya gudana da dare ba mutum a kusa, yakan rubuta kalmar sirri a cikin umarnin kansa. Ta haka ta shiga fayil ɗin tarihin umarni ta zauna, kuma a kan na'urar da ake tarayya, wani na iya ganinta ta umarnin ps muddin aikin na gudana. Shi ya sa MySQL ke gargaɗi duk lokacin da aka yi masa haka, SSH kuma ko kafar karɓar kalma ta wannan hanya bai bari ba. Don Libes ya rubuta expect a 1990, manhajar da ke zama a madadin mutum tana amsa tambayoyi, amma ita ma sai an ajiye mata sirrin a wani wuri. Mafita ta gaskiya ta zo ne ta raba aiki. A 1995 kamfanin Sun ya gabatar da PAM, inda manhaja ke miƙa tantancewa ga wani sashe na daban. GnuPG ya ware wata 'yar manhaja mai suna pinentry wadda tambayar kaɗai ce aikinta. SSH kuma ya saba wa mutane da mabuɗai biyu, na fili da na ɓoye, ta yadda ba sai sirri ya bi waya ba. Ranar 13 ga Agustan 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirrin asusu daga layin umarni. Tambayar na nan tana fitowa, amma abin da ake liƙa mata yanzu wata doguwar shaida ce da za a iya sokewa a kowane lokaci.

Shi kansa getpass tsufa ya cim masa. An sa masa alamar tsohon yayi a 1997, aka cire shi daga ma'aunin POSIX a 2001. A shekarar ce OpenBSD ya kawo readpassphrase, wanda ke barin mai rubuta manhaja ya ƙayyade tsawo kuma yana kula da katsewa yadda ya kamata. Python na da nasa getpass, wanda ke gargaɗi idan ya kasa kashe amsa-kuwwa. Java ya sami readPassword a 2006, kuma yana miƙo kalmar a siffar da za a iya shafe ta daga ƙwaƙwalwar kwamfuta da zarar an gama da ita.

Gardamar taurari

A watan Yunin 2009 Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya yi kira da a daina rufe kalmar sirri a mafi yawan lokuta. Hujjarsa ita ce wanda ba ya ganin abin da yake bugawa yana yawan kuskure, don haka yakan zaɓi gajeriyar kalma mai sauƙi, alhali galibi ba kowa a bayansa. Ya yarda cewa a wuraren taruwar jama'a akwai haɗari, ya ba da shawarar a bar wa mutum zaɓi. Bruce Schneier, masanin tsaro, ya fara mara masa baya, daga baya ya sassauta. A 2017 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta ba da shawarar a ba mutum damar ganin abin da ya buga in ya so, a bar shi ya liƙa kalma daga ma'ajiyarsa, a kuma karɓi tsawon da ya kai aƙalla haruffa 64.

A layin umarni, sudo ne ya zama fagen wannan gardama. Bob Coggeshall da Cliff Spencer suka fara shi wajen 1980 a jami'ar jihar New York da ke Buffalo, Todd Miller kuma ke kula da shi tun 1994. Yana da wani zaɓi mai suna pwfeedback da ke nuna taurari, a kashe yake sai wanda ya kunna. Linux Mint da elementary OS sun kunna shi domin sauƙaƙa wa baƙi. A watan Janairun 2020 aka bayyana cewa Joe Vennix na kamfanin Apple ya gano kuskure a daidai wannan sashe, wanda zai ba kowane mai asusu damar ƙwace cikakken iko da na'ura ko da ba ya cikin waɗanda aka yarje wa amfani da sudo. An gyara a fitowa ta 1.8.31. Laifin ba na tauraro ba ne, na ƙarin layukan da aka rubuta domin nuna shi ne, kuma wannan ya tabbatar da hikimar mutanen 1979 na taƙaita abin da manhaja ke yi a lokacin da sirri ke hannunta. Duk da haka buƙatar jama'a ba ta gushe ba. Python 3.14, wanda ya fito a watan Oktoban 2025, ya ba getpass damar nuna alama ga mai so.

A ganina kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Ɓoye haruffan wajibi ne. Hujjar cewa ba kowa a bayanka ta mai ofishi shi kaɗai ce. A ɗakin kwamfuta na makaranta ko shagon intanet a garuruwanmu, inda mutum uku ke zagaye da na'ura ɗaya, ko a ajin da malami ya haska allonsa a bango, idanu na nan birjik. Ɓoye adadin haruffan kuwa amfaninsa kaɗan ne idan kalmar doguwa ce, cutarwarsa ga sabon shiga kuma a bayyane take. Babban kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne barin mutum cikin duhu ba bayani, alhali jimla guda da ke cewa abin da za ka buga ba zai fito ba ta isa ta raba shi da ruɗani.

Corbató ya rasu a watan Yulin 2019 yana da shekara 93, bayan ya faɗa da bakinsa cewa kalmomin sirri sun zame wa jama'a alaƙaƙai a zamanin intanet. Duk da haka ba su tafi ba, kuma matasanmu da ke koyon rubuta manhaja za su ci gaba da tambayar mutane su. Duk wanda zai yi haka ya san amana ya karɓa. Kada ya ƙirƙiro tasa dabarar alhali harshen da yake aiki da shi ya tanadi wadda aka gwada shekara da shekaru. Kada ya karɓi sirri a cikin umarni, kada ya rubuta shi a fayil ɗin rahoto, kada ya datse tsawonsa a ɓoye. Ya tabbata ya mayar da taminal yadda ya same ta ko da an katse shi, ya kuma gaya wa mutum sirrin wane asusu ake nema da abin da zai gani. Inda mabuɗi ko shaidar wucin gadi za su wadatar, ya haƙura da tambayar baki ɗaya. Malamai kuma su riƙa faɗa wa ɗalibi tun ranar farko cewa madannansa lafiyarsu lau, su kuma ba shi tarihin da ya sa ba ya ganin komai.